Addu'a, Hutu da Girman Ruhaniya: Tambayoyin Masu Bi na Karkarar Kano da Jigawa

Tambayoyin nan an tattaro su ne daga bakin masu bi a ƙananan majami'un ƙauye, wasu bayan an tashi sujada ana tsaitsaye a gindin darbejiya, wasu a taron Zumuntar Mata, wasu kuma a hanyar gona. Yawancin masu tambayar manoma ne da matan gida, don haka amsoshin ma a kan rayuwarsu aka auna su. Inda Littafi Mai Tsarki ya yi magana an nuna wurin, inda kuma ra'ayina ne na faɗa cewa nawa ne.

Na tuba, an yi mini baftisma. Wane girma kuma ake nema a wurina?

Mun gode Allah da tubanka, ɗan'uwa, amma wannan shuka ce. Saura tsiro, saura noman fari da maimai kafin a kai ga girbi. Galatiyawan da Bulus ya rubuta wa sun riga sun ba da gaskiya, duk da haka ya ce yana sake shan naƙuda dominsu har Almasihu ya siffatu a cikinsu (Galatiyawa 4:19). Girman da ake nufi ke nan: halin mutum ya riƙa juyawa a hankali yana komawa irin na Yesu, a yadda yake yi wa matarsa magana, a yadda yake cika mudu, a abin da yake fita bakinsa ranar da ya tarar da dabbobin wani a cikin wakensa.

Yesu ya ba da misalin manomin da ya watsa iri, ya kwanta ya tashi, irin yana tsirowa shi kuwa bai san ta yaya ba (Markus 4:26-29). Babu manomin da zai ce shi ya fito da kan gero. Babu kuma wanda zai jingine fartanya don ya san Allah ne mai tsirarwa, sai dai in yana so ƙuduji ya gaje gonar. Addu'a da karatun Kalma da hutu da azumi da zumunta su ne fartanyar. Ba sa sayen ceto, ba sa ƙara wa Allah ƙaunarka. Gonar kawai suke sharewa.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da salloli biyar. Mu sau nawa aka ce mu yi addu'a?

Sabon Alkawari bai yanka mana adadi ba. Abin da Bulus ya ce shi ne a yi ta addu'a ba fasawa (1 Tasalonikawa 5:17). Sai dai mutanen Allah tun da can suna da lokutan da suke kiyayewa. Daniyel yakan durƙusa sau uku a rana, ko da dokar sarki ta hana (Daniyel 6:10). Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. Bitrus da Yahaya suna kan hanyar Haikali ne don addu'ar ƙarfe uku na yamma sa'ad da suka gamu da wani gurgu mai bara a bakin ƙofa (Ayyukan Manzanni 3). Wani ɗan littafin koyarwa na ikilisiyar farko mai suna Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku kowace rana.

A ganina maganar nan ta "mu ba a ɗaure mu da lokaci ba" ta zama mafakar lalaci ga da yawa daga cikinmu. Wanda ya ce zai yi addu'a duk sa'ad da ya samu sarari, da damina ba zai samu ba, da kaka ba zai samu ba, da rani kuma ya riga ya manta. Ka yanka wa kanka uku: kafin ka fita, lokacin da aka kawo fura gona, da kafin ka kwanta. Kiran assalatu dai yana tashe mu duka a ƙauye, Musulmi da Kirista. Maƙwabcinka ya tashi ya nufi masallaci cikin sanyin hunturu, kai kuma ka ƙara jan bargo, sannan ka ce kana so ya ga haskenka?

Ban iya addu'a ba. In na durƙusa, kalma uku sai bakina ya mutu.

Almajiran Yesu ma sai da suka ce ya koya musu (Luka 11:1), abin da ya ba su kuwa ba ya kai minti ɗaya. Ka ɗauki Addu'ar Ubangiji ka daina zuba ta kamar karatun 'yan firamare. Ka faɗi layi ɗaya ka tsaya. In ka zo kan abincin yini, ka ambaci abin da ya rage a rumbu da kuɗin takin da babu. In ka zo kan gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, ka kira sunan mutumin, ko da ɗan ubanka ne da kuke rigimar iyakar gona. Kafin ka kai ƙarshe za ka ga ka yi minti goma ba ka sani ba.

Kada ka auna kanka da mai dogon baki a sujada. Yesu ya hana yawan surutu a addu'a (Matiyu 6:7), mai karɓar harajin da ke cikin misalin Yesu a Luka 18, wanda ya koma gida baratacce, kuwa jimla ɗaya ya yi yana bugun ƙirji. Ranar da kalma ta ƙi zuwa gaba ɗaya, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Kuma don Allah ku bar tunanin cewa addu'ar da aka yayyafa wa Turanci ta fi saurin isa.

Ban yi boko ba. Yaya zan yi da karatun Littafi Mai Tsarki?

Yawancin masu bi na ƙarnukan farko da kunne suka karɓi Kalma, domin littafi da hannu ake kwafarsa, ba kowa ke da shi ba. Mu nan ma ba da daɗewa ya zo mana da harshenmu ba. A 1900 ne ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. A cikin ayarin akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga baya ya jagoranci fassarar da ta fito cikakkiya a 1932. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979. Kakanninmu da suka fara bi a ƙauyukan nan, akasarinsu mai bishara ne yake karanta musu su haddace.

Yau hanya ta fi sauƙi. Akwai karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa da ake sawa a katin waya ko ƙaramar rediyo mai cin kati. In akwai ɗan makaranta a gida, a ba shi ya karanta da dare, kai ka ji Kalma shi kuma karatunsa ya ƙara kaifi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka riƙe aya ɗaya ka tafi da ita gona. Kalli saniya da yamma, ta gama kiwo ta kwanta tana tuƙa. Bimbinin da Zabura ta 1 take faɗa ke nan, a dawo da abin da aka haɗiya a sake taunawa. Na san wata tsohuwa da ba ta san bihim ba, amma in ta fara jero ayoyi da waƙoƙin Littafin Waƙoƙi sai mai takardar makarantar Baibul ya yi shiru.

Na iya karatu, amma kullum in na fara daga Farawa sai in maƙale a Littafin Firistoci.

Ba kai kaɗai ba ne. Littattafai 66 ɗin nan suna da sura 1,189, wato mai son gamawa cikin shekara sai ya riƙa karanta sura uku zuwa huɗu kowace rana. Abu ne mai kyau, amma ba da shi ake farawa ba. Fara da Markus, sura 16 ce, labari ne mai tafiya da sauri. Ka haɗa da Zabura ɗaya da safe. Karin Magana sura 31 ce, ta yi daidai da kwanakin wata, Bahaushe kuwa ba ya buƙatar a koya masa daɗin karin magana. Littattafan ibadar kullum irin su Abincin Yini suna taimakawa, muddin ka buɗe nassin da kansa ka karanta, ba bayanin marubucin kaɗai ba.

Akwai wata tsohuwar hanyar karatu da wani mai zaman zuhudu a Faransa, Gigo, ya tsara a ƙarni na 12 cikin matakai huɗu. Ka karanta ɗan gajeren wuri a hankali, sau biyu ko uku. Ka tsaya a kan kalmar da ta taɓa ka. Ka mayar da ita addu'a. Sannan ka yi shiru a gaban Allah ba tare da neman wani abu ba. Matakin ƙarshen nan shi ya fi ba mu wuya, mu da muka saba addu'a da ƙara.

Gidanmu mutum goma sha biyar ne. Ina zan sami wurin keɓewa?

Yesu da ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa (Matiyu 6:6), shi kansa ba shi da ɗakin. Da asuba tun da sauran duhu yakan fita bayan gari ya yi addu'a (Markus 1:35). Namiji yana da hanyar gona, yana da bukka, yana da gindin kuka. In abokan tafiya sun saba jiranka, fita kafin su da minti goma sha biyar.

Ga mata abin ya fi wuya, don yaro ba ya barin uwa ta keɓe ko a banɗaki. 'Yar'uwa, ki duba ayyukan da hannu ke yi zuciya tana sarari: surfe, tankaɗe, ɓarar gyaɗa, jiran tukunya ta tafasa. Wani bawan Allah a Faris mai suna Lorans, wanda ya rasu a 1691, shekaru ya yi yana aikin girki a gidan masu zuhudu, abin da aka san shi da shi kuwa shi ne hira da Allah a tsakiyar tukwane. Hannatu ma leɓunanta kawai ke motsi, har Eli ya zaci ta bugu (1 Sama'ila 1:13). Amma wannan bai ɗauke wa maigida nauyin riƙe yara na ɗan lokaci don matarsa ta sami zama da Allah ba. Duba amsar da ke kan hutun mata a ƙasa.

Asabar ce ranar hutu ko Lahadi?

Ranar hutun Tsohon Alkawari Asabar ce. Masu bi sun koma taruwa a ranar farko ta mako domin ran nan Yesu ya tashi, kamar yadda ake gani a Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korantiyawa 16:2. Akwai 'yan'uwa masu kiyaye Asabar har yau, Romawa 14:5-6 kuma ta hana mu mayar da zancen rana abin faɗa. Tambayar da ta fi cin mutanenmu ita ce ta gaba.

Ruwan shuka ya sauka daren Asabar. In je gona ran Lahadi, ko in bar danshi ya wuce?

Wannan ita ce tambayar da ba ta taɓa tsufa ba. Daminarmu gajeriya ce, wata huɗu ne in an yi sa'a, a arewacin Jigawa ma ba ta cika kaiwa ba. Wanda ya rasa ruwan shuka na fari yana iya jiran mako biyu. Duk da haka Fitowa 34:21 ba ta bar mana ƙofa a buɗe ba: ta ce a huta a rana ta bakwai, ta kuma ƙara da cewa ko a lokacin huɗa ko a lokacin girbi. Allah ya san manoma yake yi wa magana, ya kuma san watannin da za su nemi uzuri, shi ya sa ya kira su da suna. Kafin wannan ma ya koya wa Isra'ilawa darasin da manna, abincin da ya saukar musu daga sama a jeji: wanda ya tara ya ɓoye ya wayi gari da tsutsa, amma na ranar shida ya kwana lafiya ya ishe su kwana biyu (Fitowa 16).

A ɗaya gefen, Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum ne, ba mutum domin Asabar ba (Markus 2:27). A shekara ta 321 da Sarkin Rum Konstantin ya kafa dokar hutun Lahadi, ya rufe kotuna da sana'o'in birni, amma ya bar mutanen karkara su yi aikin gona, da hujjar cewa sau da yawa ba a samun wata ranar da ta dace da shuka. Ka ga tun shekara 1,700 da suka wuce ana wannan muhawara, kuma dokar sarki ba nassi ba ce.

Ga inda na tsaya. Hutun Lahadi shaida ce da manomi yake bayarwa da jikinsa cewa ba fartanyarsa ke riƙe da gidansa ba. Zabura 127:2 ta ce banza ne sammako da kwana a makare ana cin abincin wahala. Don haka asali shi ne a huta, har da shanun huɗa da jaki, tun da Fitowa 23:12 ta ambace su. In shekara ta zo da matsi na gaske, ruwa ya yi jinkiri har ƙarshen Yuni sannan ya faɗo daren Asabar, wanda ya je sujada da safe ya fita shuka da la'asar ba zan kai shi gaban dattawa ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: irin wannan Lahadin ɗaya ce ko biyu a shekara. Mai zuwa gona Lahadi goma a jere, tsoro ne ke tura shi, tsoron kuwa shi ne abin da za a kai gaban Allah.

Kasuwarmu ran Lahadi take ci. Ga kuma ban-ruwan noman rani da gayyar maƙwabta.

Gaskiya ne, manyan kasuwanni irin Gujungu da Dambatta ran Lahadi suke ci, mai akuyar sayarwa kuma ba shi ya tsara ranar ba. Inda akwai zaɓi a yi amfani da shi, tun da Wudil tana ci Juma'a, Maigatari Alhamis, ƙananan kasuwanni kuma kowace da ranarta. Wanda abincinsa ya rataya a kan kasuwar Lahadi kaɗai, ya yi sujadar safe tukuna, sannan ya keɓe wata rana cikin mako ya huta ta gaske. Kada ya ce ya musanya alhali kwana bakwai yake aiki.

Tumatir da albasa a Kadawa ko fadamun Haɗeja ba su san Lahadi ba, in layin ruwanka ya faɗo ranar. Yesu ya ce wanda tunkiyarsa ta faɗa rami ran Asabar zai ciro ta (Matiyu 12:11). Ban-ruwan awa biyu don kada shuka ta ƙone daban yake da ɗaukar 'yan ƙwadago a wuni ana dashe. Gayya kuwa, ka gaya wa maƙwabcinka tun da wuri cewa Lahadi ba ka samuwa, sannan ran Litinin ka riga kowa isa gonarsa. Wanda yake ajiye aiki don Juma'a ba zai kasa gane ka ba.

Ni Lahadi ta fi kowace rana gajiyar da ni. Ina nawa hutun?

Wata uwa ce ta yi wannan tambaya, majami'a kuwa ta yi tsit. Ta tashi ta ɗebo ruwa, ta yi wa yara wanka, ta ɗora abinci, ta je sujada, ta tsaya taron mata, ta dawo ta tarar da baƙin maigida suna jiran tuwo. Maimaitawar Shari'a 5:14 ta jero waɗanda za su huta, 'ya'ya da barori da dabbobi da baƙo, ta ce domin bawanka da baiwarka su huta kamar kai. Hutun da maigida yake yi a kan tabarma yayin da matarsa ke gaban murhu tun asuba bai cika wannan doka ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma Lahadi tun Asabar ake gyara ta: samari su cika randuna, a kai niƙa, a faskara itace, a yarda da ɗumame.

Ikilisiya ma tana da nata laifin. Makarantar Lahadi, sujada ta awa uku da rabin ta sanarwa ce, taron kwamiti, koyon waƙa, fitar wa'azi ta ƙungiyar Sabon Rai, duk a rana ɗaya. Kowannensu abu ne mai kyau, amma Yesu ya taɓa janye almajiransa daga aikin bishara kansa don ba su da sukunin cin abinci (Markus 6:31). Fasto da mai bishara kuwa Lahadi ranar aikinsu ce. Dattawa su ba su wata rana, su kuma hana jama'a buga musu ƙofa a ranar sai da larura.

Yaya azumin Kirista yake? Sai an kai faɗuwar rana?

Yesu ya ɗauka cewa almajiransa za su yi azumi, abin da ya hana shi ne a yi don a gani (Matiyu 6:16-18). Bai yanka awa ba. A majami'unmu an saba daga safe zuwa shida na yamma, wasu zuwa sha biyu ko uku. Didake da aka ambata a amsar lokutan addu'a ta nuna masu bi na farko suna azumin Laraba da Juma'a. Katolika da Anglikan suna kiyaye kwana arba'in kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, daga Larabar Toka, ba a lissafa Lahadi a ciki. A dokar Katolika azumin dole na Larabar Toka ne da Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, ga masu shekara 18 zuwa 59.

Ista tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato ƙarshen azumin yana shiga tsakiyar zafin bazara. Mai aiki a rana ya sha ruwa, ba zunubi ba ne. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki, da mai shan magani a kan lokaci, su nemi shawarar ma'aikacin lafiya, ko su bar wani abin daban. Ishaya 58 kuma ta ɗaure azumi da raba abinci ga mayunwaci. Mudun da ba a dafa ba ran azumi, a auna shi a kai gidan gwauruwa.

Ta yaya za mu kafa addu'ar iyali ta ɗore? Mun fara sau da yawa muna bari.

Yawanci tsawo ne ke kashe ta. Maigida ya mayar da ita wa'azi, yara suna gyangyaɗi, uwa tana tunanin kwanukan da ba a wanke ba. Minti goma ya isa: waƙa ɗaya, ayoyi kaɗan, tambaya ɗaya ga yara, addu'a. A liƙa ta da abin da ba a fasawa, kamar bayan tuwon dare kafin kowa ya watse. A riƙa juyawa, yau uwa, gobe ɗan fari, jibi ƙaramar da ta fara haɗa baƙi. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune a gida, a tafe a hanya, da kwanciya da tashi. In maigida ya tafi ci-rani, ko shi ba mai bi ba ne, uwa ta riƙe. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta biyo.

Na daɗe ina addu'a ba na jin komai, har barci nake yi a durƙushe. Na ja da baya ne?

Fara da tambayar jiki. Wanda ya wuni yana huɗa ya zo ya kifa kai a kan katifa ƙarfe goma na dare, barci zai yi, ba Shaiɗan ba ne. Ka matsar da addu'ar zuwa safe, ko ka yi ta a tsaye, ko kana tafiya. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi gurasa da ruwa har sau biyu, sai daga baya Allah ya yi masa magana a Horeb da 'yar murya marar ƙarfi (1 Sarakuna 19).

Sai tambayar zuciya: akwai wanda kake gaba da shi, ko bashin da ka danne? In akwai, Matiyu 5:23-24 ta ce a je a shirya tukuna. In ka duba babu, to rani ne, rani kuma yana cikin shekara. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a cire ta daga Littafi ba. Ka ci gaba da lokutanka uku, ka ari bakin Zabura tun da naka ya bushe, kuma ka gaya wa wani amintacce. Zumunta a ƙafa take, kada ka daina zuwa addu'ar tsakiyar mako don ba ka jin daɗinta.

Danginmu suna kan al'adar kakanni. In yaro ya yi ciwo sai su ce iska ce, a nemo laya. Wasu kuma suna kawo man addu'a na sayarwa.

Tsoron nan na gaske ne, ba a yi wa mai shi dariya. Gidaje da yawa a cikinmu kaka ɗaya ce tsakaninsu da tsafin gida da bori. Littafi Mai Tsarki bai ce babu ikokin duhu ba, cewa ya yi Almasihu ya tuɓe musu makamai a kan gicciye (Kolosiyawa 2:15). Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai saba addu'a da lafiya ba, daren da zazzaɓi ya sa yaro fizge-fizge abin da kaka ta ce shi zai bi. In ciwo ya zo, a kira dattawa su yi addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta faɗa, a kuma ɗauki yaron zuwa asibiti a daren. Fizge-fizgen zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran safiya.

Man da ake sayarwa da ruwa da ƙyalle mai hoton wani, in ka rataya zuciyarka a kansu ka canja wa laya riga ne kawai. Man da Yakubu ya ambata dattawan ikilisiya ne ke shafawa, ba a kuma ce a biya ba. Da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi tana Ayyukan Manzanni 8:20.

Ina zuwa ci-rani Legas ko Abuja. Can ibadata takan watse, waya kuma tana cinye darena.

Makon farko ka nemi majami'ar da ake sujada da Hausa, kusan kowane babban gari akwai. In kun kai uku daga gida a wuri ɗaya, ku riƙa haɗuwa ko a bakin shagon da kuke gadi ne. Lokuta ukun da aka faɗa a sama ba sa buƙatar ɗaki. Waya kuwa ita ke ɗauke da Littafi Mai Tsarki, ita ke ɗauke da TikTok, ka san wanda yake cin nasara ƙarfe sha ɗaya na dare. Ka sa wa kanka doka ɗaya mai sauƙi: ba ka buɗe WhatsApp da safe sai ka yi addu'a. Ran Lahadi da yamma ka kira gida a yi addu'ar iyali da kai a kan layi.

Ta yaya zan gane ko ina girma?

Tsawon addu'a da yawan azumi ba su ne ma'auni ba, Bafarisiyen da ke Luka 18 yana azumi sau biyu a mako. Ma'aunin yana Galatiyawa 5:22-23, ƙauna da haƙuri da tawali'u da kamunkai da sauransu, waɗanda suka fi iya karanta shi kuwa su ne matarka da 'ya'yanka da wanda kuke iyaka da shi. Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koya wa almajiransa binciken zuciya na kullum: a gode wa Allah, a bi ranar daga safe zuwa dare a ga inda aka bi shi da inda aka kauce, a nemi gafara, a roƙi taimakon gobe. Minti biyar ne a kan shimfiɗa. Kada dai ka riƙa tone shuka kowace safiya don ka ga ko ta yi saiwa. Kwatanta bana da bara.

Mun yi addu'a da azumi, ruwa ya ɗauke gero ya ƙone. Wata kuma ta yi ta roƙo, ɗanta ya rasu. Me za mu ce?

Kada mu ce bangaskiyarsu ce ta gaza. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba (2 Korantiyawa 12:8-9). Yesu ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon, ya sha shi. Habakuk ya rufe littafinsa da gonakin da ba su ba da abinci ba da garken da ya watse, yana manne da Allah duk da haka, amma sai da ya yi surori biyu yana kai ƙara tukuna. Mai baƙin ciki yana da izinin kai irin wannan ƙara, kada a toshe masa baki da "sai haƙuri" tun ranar farko.

Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, laifinsu ya fara ne da suka buɗe baki suna bayani. A je a zauna. Zumuntar Mata su kai abinci bayan baƙi sun watse, lokacin da gida ya yi shiru. Wanda gonarsa ta ƙone, dattawa su tuna da shi ranar da aka tara hatsin godiyar kaka, a auna masa kafin a kai saura kasuwa, a kuma ware masa irin shukar baɗi.